Kunnuwa da Yawa, Kwamfuta Ɗaya: Yadda Ake Haɗa Hedifon Mara Waya Don Taron Murya

Damina ce ta koya mini wannan aiki. Wata ƙungiyar 'yan kasuwar dankalin Turawa da tumatir, masu ɗan ofis kusa da kasuwar Farin Gada a nan Jos, suka kira ni in duba musu yadda suke magana da masu sayen kayansu na Legas. Kowane mako suna da zama ta intanet. Laftof ɗaya gare su, sai su ɗora ta a tebur, shugaba da sakatare da ma'aji su kewaye ta su duƙa kamar masu cin tuwo a akushi ɗaya. In gari ya yi tsit ana lallaɓawa. Amma duk wanda ya san ruwan watan Agusta a Jos ya san yadda yake dukan rufin kwano, ga janaretan maƙwabta, ga manyan motoci suna sauke kaya. Shugaban dattijo ne, kunnensa ya fara nauyi. Ranar da na je na tarar an gama ciniki an yi sallama, shi kuwa ya juya yana tambayar sakatare, "Yaro, nawa suka ce buhu?" Abin ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya fi kowa sanin kasuwar, shi ne aka yanke magana bai ji ba.

Sakataren ya riga ya nemi mafita. Ya zaro leda ya ce, "Injiniya, ga hedifon uku na sayo, duk masu Bluetooth ne. Na haɗa su da kwamfutar, kowanne ta karɓa, amma ɗaya kaɗai ke magana." Ba laifinsa ba ne, kusan kowa nan yake faɗawa. Don haka kafin mu taɓa wani saiti, sai mun fahimci dalilin da ya sa hakan ke faruwa, domin wanda bai gane wannan ba zai yi ta kashe kuɗi a kan kayan da ba za su yi masa aiki ba.

Abin da ke hana su aiki tare

Matsala biyu ce a haɗe. Ta farko, manhajar kira, ko Zoom ce ko Google Meet ko WhatsApp ko Teams, baki ɗaya ta sani da kunne ɗaya. Tana ba ka damar zaɓar makirufo guda da wurin fitar sauti guda. Ko hedifon goma kwamfuta ta gani, manhajar ɗaya za ta kama ta bar sauran. Kenan dole a samu wani abu a tsakani da zai tattara muryoyin mutanen ɗaki ya dunƙule su ya miƙa wa manhajar, sannan ya karɓi muryar na can ya raba wa kowa. Wannan abu shi ne mahaɗin sauti, irin na'urar nan mai maɓallai da masu lasifika ke zuwa da ita wurin wa'azi ko walima. Zai iya zama na'ura, zai iya zama manhaja.

Ta biyu ta shafi Bluetooth ɗin da ke cikin kwamfutar. A ƙa'ida yana iya riƙe na'urori har 7 a lokaci guda, shi ya sa yake karɓar duk abin da ka haɗa masa. Amma linzami da allon rubutu daban, murya daban. Hedifon na Bluetooth yana da yanayi biyu. Akwai na sauraro, wanda ake kira A2DP, mai sauti garau a kunne biyu amma makirufo a rufe. Akwai na kira, HFP, wanda ke buɗe makirufo amma ya sauke ingancin sauti zuwa kilohaz 8 ko 16, irin na wayar tarho. Da zarar an buɗe makirufo, hedifon ya koma yanayi na biyu, kuma Bluetooth na yawancin kwamfutoci layin kira ɗaya tak yake iya riƙewa cikin natsuwa. In ka matsa masa da na biyu, sai yankewa da ƙaraf-ƙaraf, ko ɗayan ya yi gum.

Kada kuma rubutun jikin kwali ya ruɗe ka. In ka ga an rubuta Multipoint, ma'anarsa hedifon ɗaya yana iya kama na'ura biyu, misali waya da laftof. Akasin abin da kake nema kenan. Haka Dual Audio na wayoyin Samsung da Share Audio na iPhone, mutum biyu su saurari abu ɗaya ne kawai, ba su yi magana tare ba. Sabon tsarin nan na Auracast da aka ƙaddamar a 2022 shi ma watsawa yake yi kamar gidan rediyo: kunnuwa da yawa suna ji, baki ɗaya ke magana.

Kayan da ya dace ka saya

Sirrin duka yana nan: kowane hedifon ya zo da hanyarsa ta kansa zuwa kwamfuta. Nemi wanda ke da dongul, wato ɗan ƙaramin abin nan mai kama da filas da ake sokawa a ramin USB. Kwamfuta ba ta kallon irin wannan dongul a matsayin Bluetooth, tana kallonsa a matsayin katin sauti mai zaman kansa, da makirufonsa da lasifikarsa. Dongul uku, katin sauti uku, babu mai jiran wani. Hedifon na ofis na Jabra masu zuwa da Link 380, da na Poly masu BT700, da na Logitech, da yawancin hedifon masu wasan kwamfuta, duk haka suke aiki.

Akwai wani dongul ɗin da ya yi kama da wannan amma ba shi ba ne: wanda ake sayarwa don a ƙara wa kwamfutar tebur Bluetooth. Wannan ba zai fisshe ka ba, don Windows da Bluetooth ɗaya take aiki a lokaci guda, ko nawa ka soka. Yadda za ka bambance su a shago ba wuya. Je da laftof ɗinka, soka dongul ɗin, buɗe jerin na'urorin sauti. In sabon suna ya fito a ɓangaren makirufo da na lasifika nan take, ba tare da ka haɗa komai ta Bluetooth ba, to shi ne. Ni ba na biyan kuɗi sai na yi wannan gwaji a gaban mai shago, ko a Ahmadu Bello Way nake ko na sauka Abuja na shiga Banex a Wuse 2. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Zaɓi mai sandar makirufo da ke zuwa kusa da baki. 'Yan ƙananan iyafis ɗin da ake cusawa a kunne makirufonsu ya yi nisa da baki, don haka suna kwasar duk abin da ke ɗakin, har da muryar wanda ke kusa da kai. In kuma duk a ɗaki ɗaya za ku zauna, na fi son mai kunne ɗaya. Kunne guda yana jin mutanen Legas, ɗayan yana jin na kusa da kai kai-tsaye. Za ka ga amfanin wannan a gaba.

Sai abin rarraba ramin USB, wanda ake ce wa hob, da 'yar wayar ƙarin tsawo ta USB. A nan ina da ra'ayin da ya saɓa da abin da aka saba faɗa. Ana cewa a sayi hob mai wutar kansa. Amma dongul ba ya cin wuta sosai, kuma ramin USB 2.0 yana ba da miliamfiya 500, wanda ya ishi dongul uku ko huɗu in ba a haɗa su da wani abu mai nauyi ba. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, hob mai shan wuta daga laftof ya fi, domin in wuta ta tafi batirin laftof zai ci gaba da riƙe kowa. Kuma ka nemi hob na USB 2.0, ba mai shuɗin rami ba. USB 3.0 yana fitar da hayaniyar da ke shiga zangon gigahaz 2.4, inda dongul ɗin ke aiki. Kamfanin Intel ya yi bayanin wannan tun 2012. Wayar ƙarin tsawon kuwa don ka janye hob ɗin daga jikin laftof ne ka ɗora shi a sarari, inda yake kallon mutane.

In da hali: hanyar DECT

Akwai hanyar da ba ta buƙatar wata manhaja ko kaɗan, kuma in ƙungiya tana da ƙarfi ita nake fara ba da shawara. Hedifon na DECT, wato wani tsarin mara waya daban da Bluetooth, irin na ma'aikatan cibiyoyin amsa kira, suna zuwa da mazauni da ake haɗawa da kwamfuta ta USB. Samfura irin su Jabra Engage 65 da 75, da Poly Savi 8200, da EPOS SDW 5000, suna barin hedifon har 4 su hau mazauni ɗaya, na mai gida da baƙi uku. Mazaunin ne ke haɗa muryoyin da kansa, kwamfuta kuwa na'ura ɗaya take gani. Yadda ake yi a yawancinsu: ana cikin kira sai a ɗora hedifon na baƙo a mazaunin na ɗan lokaci, mai babban hedifon ya ji sanarwa a kunnensa ya danna maɓallin kira don amincewa, shi ke nan baƙo ya shigo. A wasu samfuran baƙon yana shigowa da makirufo a rufe, sai ya buɗe.

DECT yana aiki ne a megahaz 1880 zuwa 1900, nesa da cunkoson Wi-Fi da Bluetooth, kuma ya fi su ratsa bango. Abin lura ɗaya ne, musamman ga mai sayen na hannu: na Amurka, masu tambarin DECT 6.0, suna aiki a megahaz 1920 zuwa 1930, wanda a ƙasashe irin namu yana cikin zangon wayar salula ta 3G. Na Amurka ba ya hawa mazaunin Turai, na Turai ba ya hawa na Amurka. Ka tabbata duka na Turai ne. Sannan mazaunin yana son wutar soket, don haka a sa shi a kan inbata ko UPS.

'Yan Farin Gada ba su da kuɗin wannan a lokacin. Muka mayar da hedifon biyu aka canza mana da masu dongul, daga baya aka ƙaro na uku, muka bi hanyar manhaja.

Haɗawa a Windows da Voicemeeter

Manhajar da na dogara da ita sunanta Voicemeeter, ta kamfanin VB-Audio na Faransa. Ana sauke ta daga shafinsu, suna kuma roƙon wanda ya amfana ya ba da gudummawa. In kana cin abinci da ita, ka biya, haƙƙi ne. Iri uku ce. Ƙaramar tana ɗaukar makirufo 2. Ta tsakiya, Banana, tana ɗaukar makirufo 3 da wurin fita 3. Babbar, Potato, tana ɗaukar 5 da 5. Da Banana zan yi misali, tsarin duk ɗaya ne.

Fara da caja hedifon ɗin duka su cika. Soka dongul na farko shi kaɗai, kunna hedifon ɗinsa, sannan danna maɓallin Windows da R tare, rubuta mmsys.cpl, danna Enter. Tsohon allon saitin sauti zai buɗe. A shafin Playback nemo hedifon ɗin, danna shi sau biyu, canza masa suna zuwa abin da za ka gane, misali "Kunnen Shugaba". Je shafin Recording ka mayar da makirufonsa "Bakin Shugaba". Sai ka soka na biyu ka yi haka, sannan na uku. Kada ka tsallake wannan mataki. In hedifon ɗin iri ɗaya ne, Windows suna ɗaya take ba su sai ɗan lamba a gaba, kuma za ka ɓata rabin awa kana neman wane ne wane. Samo salatif na takarda ka rubuta lamba a jikin kowane hedifon, da dongul ɗinsa, da ramin hob ɗin da ya shiga. Dongul ɗin da ya canza rami, Windows tana iya ɗaukarsa baƙo ta sake masa suna.

Kana nan a wannan allo, shiga Advanced na kowace na'ura ka mayar da ita 48000 Hz in tana ba da dama. Wasu makirufon ba sa wuce 16000, ka bar su haka, amma duk wanda ke iya 48000 a sa shi a kai, don na'urorin da ke tafiya da ma'auni daban-daban su ne ke haifar da ƙaraf-ƙaraf. Sai shafin ƙarshe, Communications, zaɓi Do nothing. In ba haka ba, Windows za ta riƙa rage sauran sautuka da kashi 80 cikin 100 duk lokacin da ta ga ana kira.

Yanzu sa Voicemeeter Banana, ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa. Wannan dole ne, sai an yi shi sababbin na'urorinta ke bayyana.

In ka buɗe ta za ka ga maɓallai birjik, kada su tsorata ka. Dubi allon kamar tasha. Layuka uku na hagu, masu suna Stereo Input ko Hardware Input a tsohon samfuri, su ne inda makirufo ke shigowa. Na kusa da su, Voicemeeter Input, shi ne inda muryar mutanen can ke sauka. A sama ta dama akwai A1 da A2 da A3, kunnuwan mutanenka kenan. B1 kuwa ita ce motar da ke ɗaukar muryarku ta kai wa manhajar kira. Ka riƙe wannan: A kunne ne, B hanyar fita ce.

Danna A1 ka zaɓi "Kunnen Shugaba", wanda ke da WDM a gaban sunansa (WDM da MME hanyoyi biyu ne da Windows ke bi ta kai sauti ga na'ura). A2 kunnen sakatare, A3 kunnen ma'aji. Wanda ka sa a A1 shi ne ke riƙe da agogon da sauran ke bi, don haka sa hedifon ɗin da ka fi yarda da shi a nan, kuma kada a kashe shi ana cikin taro. Sai ka koma hagu, layi na farko ka zaɓi "Bakin Shugaba", na biyu bakin sakatare, na uku bakin ma'aji. Kowa ya yi magana ka ga fitilar layinsa tana motsi.

Ga inda aikin yake. A jikin kowane layi akwai ƙananan maɓallai: A1, A2, A3, B1, B2. A layukan makirufo uku, kunna B1 kaɗai, kashe duk na A. A layin Voicemeeter Input, kunna A1 da A2 da A3, ka tabbata B1 a kashe yake. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci a duk jagorar nan. In ka bar B1 a kunne a layin da muryar mutanen Legas ke shigowa, kana mayar musu da muryarsu ne, za su riƙa jin kansu suna maimaituwa kamar mai kira a cikin kogon dutse, kuma babu mai iya ciniki a haka.

Sai manhajar kira. A Zoom shiga Settings, sannan Audio. A wurin Speaker zaɓi Voicemeeter Input. A wurin Microphone zaɓi Voicemeeter Out B1, wanda a tsohon samfuri ake kira Voicemeeter Output. Cire alamar da ke barin Zoom ta daidaita ƙarfin makirufo da kanta, don yanzu kai ne mai daidaitawa. A Google Meet da Teams ma waɗannan sunaye biyu za ka zaɓa. Manhajar da ba ta ba ka wurin zaɓi ba, koma mmsys.cpl ka mayar da waɗannan biyun su zama na dindindin a Windows. Sai dai ka sani daga nan duk wani ƙaran saƙo da ya shigo kwamfutar zai faɗa kunnen kowa, don haka a rufe sauran manhajoji.

Saura daidaita murya. Kowa ya yi magana yadda ya saba, ba da raɗa ba, ba da ihu ba, ka ja sandar layinsa sama ko ƙasa har fitilun su zo kusan daidai, ba mai taɓa ja. A kan kowane layin makirufo akwai abin murɗawa mai suna Gate. Aikinsa rufe makirufo in mai shi ya yi shiru. Murɗa shi a hankali har ƙarar ruwa ko janareta ta daina motsa fitila, ka tsaya nan. In ka zarce, zai riƙa cinye farkon kalma, "salamu alaikum" ta koma "alaikum". Mai sanyin murya a sassauta masa.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne sandunan da ke ƙasa ta dama, inda kowane A yake da tasa. Na ɗaga A1 kaɗan, na bar sauran yadda suke. Muka kira wani yaron shago a waya don gwaji, na ce wa shugaba, "Baba, kana ji?" Ya ɗaga hannu ya ce, "Kamar yana gabana. Allah ya yi maka albarka." An ƙara masa sauti shi kaɗai ba tare da an kurmantar da na kusa da shi ba. A lasifika ɗaya wannan ba ya yiwuwa.

In komai ya zauna, shiga Menu ka danna Save Settings ka adana, ka kuma kunna zaɓin da ke tayar da manhajar tare da Windows. In Voicemeeter ba ta buɗe ba, Zoom ba za ta ji komai ba, ba kuma za ta faɗi komai ba.

Ɗaki ɗaya ko ɗaki biyu

Na ce a kashe duk maɓallan A a layukan makirufo, kuma akwai dalili. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka muryar wanda ke mita ɗaya da kai tana isowa kunnenka cikin kusan kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa. In ta bi ta makirufo, ta iska zuwa dongul, ta ratsa manhaja, ta sake hawa iska zuwa kunnenka, sai ta makara. Za ka ji mutum sau biyu, na biyun yana bin na farko a baya, kuma cikin minti kaɗan kai zai fara ciwo. Mafi muni shi ne mutum ya ji muryar kansa a makare, harshe har sarƙewa yake yi. Shi ya sa a ɗaki ɗaya ake barin iska ta yi aikinta, shi ya sa kuma na fi son mai kunne ɗaya.

Amma akwai inda ake buƙatar akasin haka. Na taɓa haɗa wa wani gida a Unguwar Rogo don taron dangi kan shirin biki, ɗansu yana Ingila. Maza suna zaure, Hajiya da 'yan'uwanta suna cikin gida, kowa yana da ta cewa. A irin wannan, makirufon zaure a kunna masa A na cikin gida, makirufon cikin gida a kunna masa A na zaure, kowa dai ba a kunna masa A na kunnensa. Danna maɓallin mono a layukan don murya ta shiga kunne biyu. Hajiya ta yi maganarta daga ɗakinta, ɗanta ya ji, ƙannen mijinta suka ji, ba wanda ya tashi daga inda ya saba zama. Sai dai bangon bulo yana cin sigina. Dongul na gigahaz 2.4 da ke kai mita 10 a fili yana iya gazawa bayan bango biyu, don haka a ja hob ɗin zuwa bakin ƙofa ko taga ta tsakiya.

Wani abu kuma: in mutanen can suka ce muryarku tana fitowa kamar daga cikin tulu, muryar mutum ɗaya ce ke shiga makirufo biyu. A ba da tazara, aƙalla mita ɗaya tsakanin kujeru, a kawo sandar makirufo kusa da gefen baki kamar faɗin yatsa biyu, wanda ba ya magana kuma ya rufe nasa.

Mai kwamfutar Mac

Ɓangaren kunne yana da sauƙi. Buɗe Audio MIDI Setup, danna alamar ƙari, zaɓi Create Multi-Output Device, sa alama a hedifon ɗin duka, ka kunna Drift Correction ga kowanne ban da na farko. Maɓallan ƙara sauti na jikin kwamfutar za su daina aiki, kowa ya yi amfani da na hedifon ɗinsa. Ɓangaren makirufo ne ke da ƙura. Aggregate Device yana jera makirufon ne kusa da juna, ba ya gauraya su, manhajar kira kuwa takan ɗauki na farko ta bar saura. Sai an ƙara da manhaja irin Loopback, wadda ake saya, don ta dunƙule su.

Ranar taro

Ba a fafe gora ranar tafiya. A yi gwaji tun jiya, a sake yi rabin awa kafin lokaci. Zoom tana da shafin gwaji, zoom.us/test, amma na fi son a sa wani ya fita waje da wayarsa ya shiga taron, kowa ya yi masa magana ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya yi, ya kuma faɗa ko yana jin muryarsa tana dawo masa.

Tsarin kunnawa yana da tasiri: dongul su shiga ramukansu, a kunna hedifon, sannan Voicemeeter, sannan manhajar kira. In sunan wata na'ura ya koma ja a Voicemeeter, ta ɓace mata kenan. Duba dongul ɗin, ka shiga Menu ka danna Restart Audio Engine. In sauti yana ƙaraf-ƙaraf, shiga System Settings na manhajar ka ɗaga Buffering na WDM daga 512 zuwa 1024. Jinkirin zai tashi daga kusan kashi 11 zuwa 21 cikin 1000 na daƙiƙa, wanda ba ya damun kira. In hedifon ɗaya ne ya ƙi, sake zaɓarsa a jerin, wannan karon mai MME a gaban sunansa maimakon WDM. In kuma yankewa yake yi, dubi inda MiFi ko rawuta take. Ita ma a gigahaz 2.4 take watsawa, don haka a nisanta ta da hob ɗin, ko a mayar da laftof kan Wi-Fi na gigahaz 5, ko a haɗa ta da waya. A saitin wuta na Windows kuma a kashe USB selective suspend, don kada kwamfuta ta sa dongul barci in ta koma kan batir.

Data ba ta da yawa in an kashe kyamara. Zoom tana cewa murya kaɗai tana buƙatar kilobit 60 zuwa 80 a daƙiƙa, wato ƙasa da MB 100 a awa, zuwa da dawowa, kuma ku uku layi ɗaya kuke ci. Ku tuna Zoom ta kyauta tana yanke taro a minti 40, Google Meet ta kyauta kuwa a minti 60 in mahalarta sun kai uku, don haka a fara da maganar kuɗi kafin hira.

Mutanen can suna ganin suna ɗaya ne a allo, ba su san mutum nawa ke sauraro ba. Bayan sallama, shugaba ya faɗi duk wanda ke sanye da hedifon, kuma kowa ya ambaci kansa kafin ya fara magana, har su saba da muryoyin. Banana tana da abin naɗar sauti mai kama da kaset a ɓangaren dama, yana taimakon sakatare wurin rubuta abin da aka tsayar, amma ba a danna shi sai an nemi izinin kowa, na nan da na can.

In an tashi, a goge soson kunne da na baki da ƙyalle mai tsabta tunda hannu da yawa ke ɗauka, a sa su caji, a rufe su cikin akwati ko jaka, musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe ramin makirufo. Dongul kuwa a bar su a jikin hob, a cire hob ɗin gaba ɗaya a ajiye tare da hedifon ɗin. Yawancinsu da nasu hedifon aka aura su tun daga kamfani, in ɗaya ya faɗa aljihun wani ya tafi, samun madadinsa shi kaɗai a kasuwa yana da wuya.